Kundin aikin gwajin LAMP a bakin tafkin Lagdo na ƙasar Kamaru, ranin 2025

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kaya sun iso jiya bayan la'asar. Jirgin ƙasa ne ya kawo su daga Yawunde zuwa Ngaundere, motar haya ta ƙarasa da su Garwa, ni kuma na je na tarbo su muka biyo ta Ngong. Kwali biyar ne: murhu biyu na lantarki, kowanne ɗan tubalin ƙarfe mai ramuka da ke riƙe zafi daidai inda ka tsayar da shi, sai injin juya jini, fitila mai shuɗin haske, fifet uku na ɗibar ɗan ruwa daidai awo, da kwalin sinadarin kansa. Duk hanya wannan na ƙarshen a cinyata yake, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul kamar jinjiri, domin takardarsa ta ce kada ya wuce digiri 30.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina leƙen jini a madubin likita a wannan ƙaramin asibiti, kuma akwai abin da ya daɗe yana cina. Da rani sauro kan yi ƙaranci, masu zazzaɓin maleriya su ragu. Ruwa na sauka, kafin ka ce kwabo layi ya kai bakin ƙofa. To a ina ƙwayar cutar ta yi rani? A jinin mutanen da ke yawonsu lafiya lau, 'yan kaɗan ta yadda ido ba ya kama su. Gwanin madubi sai ƙwayoyin sun kai kamar 50 zuwa 100 a maikirolita ɗaya na jini, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, kafin ya gani. Gwajin tsinke da muke kira TDR ya fi son 100 zuwa 200. Shi LAMP ba ƙwayar yake nema ba, DNA ɗinta yake kwafa har ta yi yawan da za a gani, shi ya sa ƙasa da biyar ma kan ishe shi.

Malamar jami'ar da ta samo kuɗin aikin tana son sanin mutum nawa ke ɗauke da cutar a ɓoye a ƙauyuka uku. Ni kuwa abin da nake son sani shi ne ko wannan abu zai yi aiki a ɗaki mai rufin kwano, a hannun irina.

Kashe kuɗi: motata zuwa da dawowa da dakon kaya, sefa 14,000.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mun kai wa Jauro, wato mai gari, gaisuwa, ni da shugaban asibiti, da takardar izini da goro. Da ɗan gari kan ci gari. Na yi ta fama da bayani, Hausa da Fulatanci a cakuɗe, ina cewa ɗigon jini za mu ɗauka mu dafa, in akwai ɓurɓushin cuta sai ya hayayyafa. Dattijon ya yi shiru yana kallona, can sai ya ce:

"Ɗana, kana nufin kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a madara, ta kwana ta wayi gari kindirmo?"

Na ce, "Baba, wallahi haka ne, ka fi ni iya faɗa."

Sai ya ce to in haka ne mu kula da ƙwarya. Muka yi dariya muka tashi. Ya ba da rana, Litinin ta sama.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Gwajin farko, ba da jinin kowa ba, da kwalaben shaida kawai. A kowane zubi dole a sa biyu: ɗaya mai ɗauke da DNA ɗin cutar, wadda tilas ta haska, ɗaya ruwa zalla, wadda tilas ta yi shiru. Ni da yaron da ke koyon aiki a hannuna mun raɗa musu suna, shaidar akwai da shaidar babu. Duk biyun sun faɗi gaskiya. Shaidar akwai ta yi kore shar a ƙarƙashin fitila, har yaron ya yi kabbara.

Bari in rubuta bambancin nan sau ɗaya, domin kowa ya shigo sai ya ce ai wannan PCR ne irin na lokacin korona. Dangi ne, amma ba shi ba ne. PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ya samu kyautar Nobel a 1993, sai an yi ta hawa da sauka da zafi, a kai kusan 95 a raba igiyoyin DNA, a sauko, a sake hawa, sau talatin ko arba'in. Injin da ke wannan rawa yana da tsada kuma ba ya son wasa da wuta. LAMP kuwa Tsugunori Notomi da abokan aikinsa suka fito da shi a Japan a 2000. Sinadarinsa mai kwafa, Bst, da kansa yake ture igiya ɗaya yana kwafar ɗaya, saboda haka zafi ɗaya ya wadatar, digiri 65. Ana haɗa shi da gajerun tsinkayen DNA huɗu zuwa shida da ke nuna masa inda zai kama, ba ya taɓa komai sai abin da suka nuna.

Yadda muke yi: jini maikirolita 60 a haɗa da ruwan fasa ƙwayoyi 60, a dafa minti 5 a digiri 95, a juya minti 3, a ɗebi 30 daga ruwan sama a tsinka shi a ruwa 345, a ɗebi 30 daga nan a zuba a kwalbar gwaji. Sinadarin a bushe yake a cikin murfi, sai a kifa kwalbar minti 2 ya narke. Minti 40 a digiri 65, minti 5 a digiri 80 don a kashe aikin, sai fitila. Murhun na cin kwalba 16, wato mutum 14 da shaidu biyu.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hutun ranar matasa. Jiya mun ɗebi jinin mutum 14 a ƙauyen farko. Ban taɓa shi ba, yana cikin sanyi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An fara da tuntuɓe. Mutum 14, kwalba 14, duka kore. Shaidar babu ita kaɗai ta yi shiru. Na san ƙauyen masunta ne, amma ba zai yiwu a ce kowa da kowa ba, har da jami'in da ya raka mu wanda ya ba da jininsa don ya ƙarfafa wa mutane gwiwa.

Abin da ya ɗaure min kai, koren ya bayyana tun kafin a dafa. Na lura da haka ne da na sake zubi da mutum huɗu na haska su tun suna ɗanye. Na kira Malama. Tambayarta ta farko: "Malam, a wace kwalba ka ɗebi jinin, mai murfi shunayya ko mai kore?" Na ce mai shunayya mana, wadda muka saba. Ta ce shi ke nan.

Ga yadda abin yake. Sinadarin da ke haskawa, kalsin, an ɗaure shi ne da manganis, muddin suna tare ba ya haske. In DNA ta hayayyafa, dusar da aikin ke fitarwa ita ke janye manganis ɗin, sai kalsin ya samu sakewa ya yi kore. To maganin hana jini daskarewa da ke cikin kwalba mai murfi shunayya, EDTA, sana'arsa ke nan kama irin waɗannan ƙarafa. Shi ya saki kalsin ba tare da wata cuta ba. Mai murfi kore, ta hefarin, ba ta wannan ɓarna. Yana rubuce a takardar, da ƙananan baƙaƙe, na karanta kuma na wuce.

Asara: kwalba 22. Kowace ɗaya, in an haɗa da dako, tana tasar mana kusan sefa 4,000. Da wannan kuɗin TDR nawa za a saya, ban ma so in lissafa ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Mun koma mun ba mutane haƙuri mun sake ɗiba, wannan karon daga yatsa kai tsaye cikin ruwan fasawa. Mutum biyu sun ƙi, ban ga laifinsu ba. A cikin 12, madubi ya ga ɗaya, TDR ya ga wannan ɗayan, LAMP ya ga huɗu. Ukun nan ba mai ko ciwon kai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Zubi biyu, lafiya. Ƙura ta yi yawa, na liƙe taga da tsohuwar leda.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Wuta ta ɗauke a minti na 22. Janaretan asibiti ya ɗauki kusan rabin awa kafin ya yarda ya tashi, murhu ya huce zuwa 48. Na ƙarasa dafawa, amma sakamakon da ba ka san tarihin zafinsa ba, ba sakamako ba ne. Na zubar. Gobe Garwa.

Asabar, 1 ga Maris

Faifan sola 62,000, batir 88,000, inbata da wayoyi 41,000, mai haɗawa 10,000. Murhun 65 da fitila sun koma kan batir. Injin juya jini da murhun 95 na bar su a wutar gari, domin su ko an ɗauke ana iya jira a sake.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ɗiba ya tsaya cik. Maza suka ce ba za su ba da jini da rana ba. Na je wurin liman, na nuna masa yawan abin da muke ɗiba a bakin fifet, bai kai ƙwayar dawa biyu ba. Bayan azahar ya yi wa jama'a bayani cewa wannan ba ya karya azumi. Duk da haka na mayar da fita zuwa bayan asuba, kafin rana ta buɗe, masunta ma lokacin suke fitowa daga ruwa.

Juma'a, 7 ga Maris

Yau shaidar babu ta haska.

Ruwa zalla, kore shar, har ta fi wasu na mutane. Na ɗauka kuskuren hannu ne, ƙila na zuba mata wani abu ban sani ba. Na sake zubi da yamma, da sabon kan fifet, ina lissafa kowane motsi da baki. Ta sake haskawa, kuma mutum 11 cikin 14 sun yi kore. Na zauna a kan benci har aka kira magariba ban ji ba, sai da ungozomarmu ta turo min kunu.

Wanda bai yi wannan aiki ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, kwalba ɗaya cikin goma sha shida. Amma in shaidar babu ta yi ƙarya, duk sauran sun zama abin zargi. Ba ka da hanyar bambance koren cuta da koren datti, launinsu ɗaya. Kuma ba zubin yau kaɗai ba, sai ka fara waiwayen na jiya da na shekaranjiya kana tambayar kanka tun yaushe.

Litinin, 10 ga Maris

Ruwa ba ya tsami banza. Asabar da Lahadi na yi su ina bin sawu. Na sa kwalba shida: ruwa daga gorar da muke amfani da ita, ruwa daga sabuwar gora, ruwan da na goge tebur da auduga na jiƙa a ciki, na jikin fifet, na hannun ƙofa, na murfin injin juyawa. Sabuwar gora kaɗai ta yi shiru, ita ma don a ɗakin haihuwa na buɗe ta da aron fifet. Biyar kore. Har hannun ƙofa.

Yaron yana tsaye a bayana lokacin da na kunna fitila. Na ji numfashinsa ya sauya. Da muka fito ya ce, "Yaya, ina da magana." Ashe ran Laraba, bayan na tafi sallar la'asar, ya so ya ɗauki hoton koren ya sa a WhatsApp abokansa na makaranta su gani. Robar kwalbar tana mayar da haske, hoton ba ya fita, sai ya buɗe murfin shaidar akwai ya ɗauka ta sama. Ya mayar da murfi, ya jefa a shara, ya ci gaba da jera kan fifet na gobe da safar hannun da ke hannunsa.

Kwalbar da ta gama dahuwa tana iya ɗaukar kwafi biliyan guda na guntun DNA ɗin da gwajin ke nema. Buɗe murfi kawai, ɗan tururin da ido ba ya gani ya fita ya sauka inda ya ga dama. Gwajin da ke jin ƙwaya biyar, ka watsa masa biliyan a ɗaki.

Na ɗaga murya, ba zan ɓoye ba, da azumi a bakina. Amma da na kwanta na kasa barci, domin rabon laifina ya fi nasa. Na ce masa kada a buɗe, ban taɓa gaya masa dalili ba, kuma yaro mai kaifin kai dokar da ba ta da dalili ba ta zama a kansa. Ni na jera komai a tebur ɗaya, wurin haɗawa da wurin dafawa da wurin karantawa, taku ɗaya tsakaninsu. Ni ne kuma kullum nake goge teburin da sifirit ina jin na yi tsafta. Sifirit na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya lalata DNA, shafa ta kawai yake yi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wata guda ina yi.

Ashe maganar ƙwarya da Jauro ya yi ba raha ba ce. Ƙwaryar da ba a wanke ba, ko ba ka ɗiga komai ba madara za ta yi tsami.

Asarar wannan mako: zubi uku da kwalaben bin sawu, kwalba 54, sama da sefa 200,000. Na rubuta wa Malama komai, har da ɗaga muryar. Duk sakamakon da aka samu daga 5 ga wata an soke shi.

Alhamis, 13 ga Maris

Kwana uku muna wanke ɗaki da jabel, wato ruwan bilic, kashi ɗaya a ruwa kashi tara. A shafa, a bari minti goma sha biyar, a bi da ruwa mai tsabta domin yana cin ƙarfe. Tebur, bango iya tsayin hannu, ƙofa, kujera, fifet ciki da waje. Duk kwalin kan fifet da aka taɓa buɗewa ya tafi ramin ƙona shara, da tsohuwar gora, da ledar taga. Hannuwana sun yi fari fat.

Tsari ya sauya. Murhun 65 da fitila sun ƙaura zuwa tsohon sito, can ƙetaren tsakar gida, mai sola ya ja musu waya. Ɗakin gwaji ya zama na haɗawa kawai. Hanya ɗaya ce, daga ɗaki zuwa sito, wanda ya shiga sito ba ya komawa ɗaki ran nan sai ya yi wanka ya sauya kaya. Riga daban, takalmi daban, biro ma daban. Ruwa kuma mun raba shi ƙananan kwalabe, kowace ta zubi ɗaya. Kwalbar da ta dahu, da murfinta take shiga leda biyu a ƙulle ta tafi wuta.

Yaron na ba shi sito, shi ne mai dafawa da karantawa. Shugaban asibiti ya ce in sallame shi. Na ce a duk garin nan ba wanda ya san tsadar buɗe murfi kamarsa.

Jabel lita huɗu 4,800, riguna biyu 9,000, silifa 2,000, waya 6,500.

Asabar, 15 ga Maris

Kwalba takwas, ruwa zalla. Duka shiru. Shaidar akwai kore. Alhamdu lillahi.

Laraba, 19 ga Maris

Zafi ya sauka da kayansa. Ma'auni ya nuna 41 a ɗaki da azahar, sinadari kuwa iyakarsa 30. Firjin asibiti na allurar rigakafi ne, doka ta hana a cusa masa wani abu, kuma na yarda da dokar. Sai na tuna dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Na sayi randa babba da ƙarama, na cika tsakaninsu da yashin bakin tafki, na jiƙa, na rufe da buhun algarara mai laima, na ajiye a inuwar darbejiya inda iska ke bi. Sinadarin na cikin robar da ba ta shan iska don kada laima ta kai gare shi. Ƙarfe biyu na rana, cikin randa 28. Ana ba ta ruwa sau uku, mai gadi ya karɓi na dare. Wannan dabara ta bushewar iska ce, in damina ta kusa za ta daina ci.

Randuna 4,500.

Asabar, 22 ga Maris

Abin da ya faranta min rai. Muna fara gwada kowa da kwalbar da ke kama dukkan jinsunan maleriya, wanda ya haska sai mu bi shi da ta falsifarum kaɗai, wadda ita ce ta fi yawa a nan kuma ita ke kisa. Wata yarinya 'yar shekara tara ta yi kore a ta farko, shiru a ta biyu, TDR ma shiru. Na ciro gilashin jininta da na riga na rubuta wa babu, na zauna kusan minti arba'in. Can gefe, inda jinin ya yi sirara, sai ga ta: ƙwaya kwance a tsakiyar jan ƙwayar jini kamar an ɗaura mata ɗamara. Jinsin da ake kira malariye ce, mai zazzaɓin bayan awa 72. TDR ɗinmu furotin ɗin HRP2 yake nema, wanda falsifarum kaɗai ke yi, ba yadda za a yi ya gan ta. Uwar ta ce yarinyar kan yi ɗumi lokaci-lokaci, sun ɗauka shawara ce. An ba ta magani.

Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Na kira yaron ya leƙa, domin LAMP ba zai taɓa nuna masa wannan ɗamara ba.

Laraba, 26 ga Maris

Mun kai sakamako ƙauye na biyu, kuma nan ne na gane ban shirya wa rabin aikin ba. Wata dattijuwa mai shanya kifi, na gaya mata an ga cutar a jininta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, ni da na kai azumi ashirin da biyar ban sha ko ɗaya ba? Ina ciwon yake?"

Na ce, "Inna, yana nan kwance, bai tashi ba."

"To ba ni maganin in kashe shi a kwance."

Na rasa ta cewa. Ƙa'idar aikin ita ce mai zazzaɓi a yi masa magani bisa TDR ko madubi kamar kullum, mai ciki a tura ta awo ta karɓi Fansidar ɗinta, wanda kuma LAMP kaɗai ya kama kuma lafiyarsa lau a gaya masa, a sake duba gilashinsa, a ce ya zo da zarar ya ji ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a riƙa yi wa marasa lafiya magani bisa irin wannan gwaji a ƙasashen da cutar ta yi katutu ba, na bincike ne da sa ido. Akwai hujja: DNA na iya saura kwanaki bayan magani ya kashe cutar, kuma a wuri irin namu ka wanke mutum yau sauro ya sake zuba masa da ruwan farko. Na fahimci wannan duka. Amma ka gaya wa mutum akwai ɓarawo a ɗakinsa sannan ka ce ya koma ya kwanta, ban ga ta inda zai gode maka ba. Kuma wannan kwantacciyar cutar ita ce sauron damina zai tsotsa ya kai wa jikokinta. Su yaran ƙasa da shekara biyar aƙalla suna da maganin rigakafin damina da ake rabawa gida-gida a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru tun 2016.

Na rubuta wa Malama cewa kafin ƙauye na uku a sake zama kan abin da za a riƙa gaya wa mutane tun kafin a huda yatsa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An sha salla lafiya. Na haɗa lissafi: abin da na kashe a nan, ban da kayan da aka aiko, sefa 241,800, sola ce ta cinye mafi yawa. Kwalaben da suka tafi a banza 92. Jimillar mutum nawa suka haska ba zan sa a nan ba tukuna, sai an tabbatar da PCR. Abin da zan iya cewa, bai saɓa wa abin da aka sani daga wurare da yawa ba, cewa madubi kan tsallake kusan rabin masu ɗauke da cutar.

Laraba, 9 ga Afrilu

Mun taɓa mataki na biyu, tsargiya. Tun da aka gama dam ɗin nan a 1982 ruwa ya zauna, hanyoyin ban ruwa na shinkafa suka biyo, dodon koɗin da ke renon tsutsar tsargiya ya samu gida. Yaran nan kuwa a ruwa suke wuni. Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara girma. Hanyar da muka saba, a karɓi fitsari tsakanin goma na safe da biyun rana, a tace mililita 10, a nemi ƙwai mai ƙaya a gindi. In cutar ta yi nauyi ba wuya. In ƙwan bai kai 50 ba, musamman bayan an raba farazikwantel, maganin tsargiya, a makarantu, yau ka gani gobe ka rasa a yaro ɗaya.

Wannan gwajin wani guntun DNA yake nema mai suna Dra1, wanda ke maimaituwa da yawa a jikin tsutsar. Sai dai sinadarinsa ba busasshe ba ne, ruwa ne mai son daskarewa, randa ba ta isa. Yana kwana a firizar wani mai sayar da ƙanƙara ga 'yan kifi, a akwati mai kwaɗo, ina biyan 500 a rana. Karatunsa kuma ba fitila, launi ne: ruwan hoda in babu, rawaya in akwai, domin kwafar DNA na sa ruwan ya yi tsami.

Matsalar ta fito nan take. Fitsari shi ma yana da tsaminsa, balle na yaran da suka wuni a wannan rana. Uku cikin takwas sun koma rawaya ina zubawa, murhu bai ma gan su ba. Wannan karon ban kira kowa ba, darasin murfi shunayya ya ishe ni. Na juya fitsarin, na zubar da ruwan sama, na wanke abin da ya kwanta sau biyu da ruwa mai tsabta, sannan na dafa. Takwas ɗin suka shiga murhu da ruwan hodarsu. Biyar suka fito rawaya, tacewa ta ga ƙwai a uku. Takwas ba adadi ba ne da za a gina magana a kai, kuma wankin ya ƙara kusan rabin awa a kowane zubi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Hadari ya fara haɗuwa ta kudu da yamma, randa ta nuna 30 jiya. Sauran sinadarin maleriya zubi huɗu ne, dole a gama ƙauye na uku cikin kwana goma, in an daidaita kan maganar da za a gaya wa mutane. Na tsargiya ya tsaya sai an samu ƙaramar firiza mai aiki da sola, an ce min kada in sa rai da ƙasa da sefa 300,000, kuma batir ɗaya ba zai ɗauke ta ba.

Ɗigon jinin kowa da muka busar a takardar tacewa na ware 40, rabi masu kore rabi masu shiru, yaron ya rufe lambobinsu yadda masu PCR ba za su san wanne ne wanne ba. Kowanne a ledarsa da ɗan ƙunshin shan laima. Gobe bayan asuba zan kai ambulan ɗin Garwa in sa a motar Ngaundere, in biya kasuwa in sayo jabel lita biyar da safar hannu kwali biyu.